Zaren Gizo-gizon Yaya Isyaku da Littattafan da Na Ƙona

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar yayana Malam Isyaku, wanda mutanen Wudil suka fi sani da Mai Gizo-gizo. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, kuma waɗanda suka raɗa masa ba don yabo suka yi ba. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa addu'a, in leƙa iyalinsa, in koma harkata. Bana abin ya ƙi tsayawa a nan. 'Yarsa Rukayya ta gama digiri a fannin ƙwayoyin halitta, tana shirin ci gaba, kuma ta zo ta ce in ba ta littattafan da mahaifinta ya rubuta bincikensa a ciki. Tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya nake ce mata suna nan a akwati, sai ta girma. To ga shi ta girma. Littattafan kuwa babu su, ni na ƙona su da hannuna a ranar da aka binne shi.

Mu 'ya'yan masaƙi ne. Mahaifinmu ya yi saƙa a Dagumawa har idonsa ya gaza, mahaifiyarmu kuma tana cikin matan ƙarshe a unguwarmu da suka iya kaɗin tsamiya. Yaran yanzu ba su san wannan zare ba. Wata tsutsa ce ke taruwa a jikin bishiya ta saƙa wa kanta gida, sai a ɗebo gidan a dafa shi da ruwan toka har ya saki, a shanya, sannan mata su kaɗa shi da mazari. Zaren da ke fitowa mai ruwan ƙasa-ƙasa ne, ba shi da wani sheƙi na a zo a gani, amma rigar da aka yi wa aiki da shi ba kowa ke iya ɗaukarta ba. Ni dai na tashi ina ganin abin a matsayin wahalar tsofaffi. Yaya kuwa tun yana ƙarami yakan tsuguna gaban tukunyar Inna yana tambaya har ta gaji ta kore shi.

Ya yi karatun kimiyya, ya koyar a makarantun sakandare nesa da gida shekara da shekaru. Ni na yi koyarwar firamare, daga baya na buɗe shagon yadi a bakin titi, inda nake har yau. Da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, aka kuma buɗe jami'a a garinmu, sai ya tattaro ya dawo, ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda bai ga shekarun nan ba ba zai gane irin burin da mutane suka ci ba. Kowane bango fosta, kowane ɗan takara ya rantse zai tayar da masaƙun Kano da suka durƙushe. Yaya ya gaskata su har cikin zuciyarsa, kuma wannan ita ce wautarsa ta farko.

Wata ranar Juma'a, ana tsakiyar cin kasuwa, ya shigo shagona da wata mujallar Turanci a naɗe a hannu, ko gaisawar kirki ba mu gama ba ya shimfiɗa ta a kan shaddar da nake aunawa. Hoton akuya ne a ciki. Ya ce masana a ƙasashen waje sun ciro ƙwayar halittar da ke sa gizo-gizo yin zare, sun dasa ta a jikin akuya, don a riƙa tace sinadarin zaren daga nononta. Ya ce zaren gizo-gizo, idan aka gwada shi da ƙarfe nauyi da nauyi, ya fi ƙarfe juriya, ga shi yana miƙewa bai tsinke ba. Abin da ya hana a yi kiwon gizo-gizo kamar yadda ake kiwon tsutsar siliki shi ne ba sa zama tare, in an haɗa su cinye juna suke yi. Na ce masa to ashe 'yan siyasa ne. Ya yi dariya, amma bai bar maganar ba. Mai sayen shaddar ya gaji da jira ya tafi, ni kuma na yi ta ƙunƙuni har la'asar.

Mutane da yawa sun ɗauka Yaya yana so ne ya yi irin wannan dashe a Wudil. Bai taɓa cewa haka ba. Ya san ɗakin gwajin da yake aiki, ya san yadda wuta ke zuwa da yadda take tafiya. Lissafinsa daban ne, kuma sai yanzu da kaina ya yi furfura na gane shi. Cewa yake yi, komai daren daɗewa Turawa za su iya samar da sinadarin a tanki, amma abu biyu za su ba su wahala. Na farko mayar da shi zare na gaske, domin sinadari a kwalba ba zare ba ne. Na biyu kuma wa zai saya? Zare ne da zai fito da tsada, ba zai taɓa kayar da yadin roba a kasuwar talaka ba. Saboda haka dole a nemi mutanen da suka saba sayen tufa don sunan zarenta, ba don arha ba.

"Irin waɗannan mutanen a nan suke," in ji shi. "Wanda ya san darajar rigar tsamiya ba sai an yi masa dogon Turanci ba. Kasuwar da za su je nema, mu a cikinta aka haife mu."

Abin da yake so shi ne kafin zaren ya iso, mu kasance da abin da za mu tare shi da shi: bishiyoyin da tsutsar ke hawa, matan da suka iya dahuwa da kaɗi, masu aikin hannu, da rubutaccen bayani a kan irin gizo-gizon da ke ƙasarmu da ƙarfin zarensa. Yakan ce idan ba mu rubuta namu ba, wata rana za a kawo mana shi a kwali mu saya muna godiya.

Haka ya mayar da ɗakin da ke kusa da zauren gidansa wurin aiki. Ya sa kafinta ya yi masa firam-firam na katako, ya rufe su da tsohon gidan sauro, kowane gizo-gizo da nasa ɗaki. Manyan nan masu ratsin rawaya yake kamowa a lambunan bakin kogi. Yana da wata 'yar ƙafar keke da yake juyawa a hankali yana naɗe zaren, sannan ya rataya masa ƙananan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya har ya tsinke, ya rubuta. Ranar Asabar kuma sai ya nufi Lajawa da ƙauyukan gefenta, yana bin tsofaffin mata yana tambayarsu tokar wane itace ta fi sakin tsamiya, wane wata ake ɗebo gidan tsutsar, a wace gona bishiyar take. Duk ya zuba a littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, har suka cika akwatin ƙarfe. Yana da wata ɗabi'a tun ta makarantar allo: ba ya fara shafi sai ya rubuta Bisimilla da Larabci a samansa.

Sau ɗaya na raka shi gidan wani ɗan siyasa da takardar da ya shirya. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ma yanzu ya kwanta dama. Tun hantsi muke zaune a rumfa tare da masu neman taki da masu neman kujerar Makka, sai bayan azahar aka shigar da mu. Yaya ya fara bayani tiryan-tiryan. Mutumin ya katse shi ya tambaya ko gizo-gizon bango yake nufi, wanda mata ke sharewa. Da Yaya ya ce ɗan'uwansa ne, sai falon ya kwashe da dariya. Aka karɓi takardar aka ce a dawo bayan zaɓe. Kafin mu iso gida labari ya riga mu, kuma daga ranar sunan Mai Gizo-gizo ya bi shi. An yi zaɓen, an sake yin wani, takardar ba ta dawo ba.

Nan ne nake jin haushin kowa, har da kaina. Da a ce wani baƙo ne ya sauko daga mota da jaka ya faɗi rabin abin da Yaya ya faɗa, da an shimfiɗa masa darduma an yanka masa rago. Amma ɗan masaƙin Dagumawa ne, an san gidansu, an san uwarsa da mazari a hannu, to ina zai san abin da ya fi ƙarfin mai kujera? A majalisa ana tambayata ko Yaya ya fara tatsar nonon gizo-gizo. Gwaggonmu Asabe kuwa, ƙanwar mahaifinmu, kullum faɗanta ɗaya ne, cewa saƙar gizo-gizo a gida talauci take jawowa, shi kuma ya tara ta da gangan har da yi mata ɗaki. Ni ban taɓa tsaya masa ba. Idan ana dariya nakan yi murmushi in ce ai kun san halin 'yan boko. Kunya yake ba ni, gaskiyar ke nan, alhali shagona cike yake da yadin da ko zare ɗaya a cikinsa ba a ƙasar nan aka kaɗa ba.

Rasuwar ta zo ba zato. Hawan jini ne, kwana biyu kacal ya yi a kwance. Aka yi masa sutura aka kai shi bayan azahar. Muna dawowa daga maƙabarta hadari ya haɗu, ga jama'a sun cika ƙofar gida, mutanen ƙauye da abokan aikinsa na jami'a da ɗalibai. Zaure ya cika, rumfar da aka kafa ba za ta tare ruwa ba. Aka ce a buɗe ɗakin gefe a shimfiɗa tabarmi. Ni ne babba a gidan a ranar, ni aka kalla. Na ce a share.

Cikin ɗan lokaci matasa suka fitar da firam-firam ɗin bayan gida, Gwaggo Asabe ta bi bango da tsintsiya tana cewa yau dai an rabu da tsiya. Wajen jan akwatin sai murfin ya ɓalle, littattafan suka zube a tsakar gida, iska tana buɗe su. Wani dattijo ya duƙa ya ɗauki ɗaya, ya ga Bisimilla a kan shafi, ya buɗe wani ya sake gani. Ya ce wannan ba abin da za a bari a ƙasa ba ne ana takawa, kuma ba a zubar da shi a juji. Gaskiya ya faɗa, haka aka koya mana, takardar da ke ɗauke da sunan Allah idan ba za a adana ta ba, ƙona ta ake yi don girmamawa. Dattijon bai ce a ƙona ba. Cewa ya yi a ɗauke su daga ƙasa. Ɗakin matarsa yana nan taku goma, da na tura su can da shi ke nan.

Ni na tattara su na kai murhun da aka haɗa a ƙarƙashin rumfar girki, na riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha biyu ina gaya wa kaina girmama sunan Allah na yi. Yau dai zan faɗi abin da na sani tun a ranar: so nake abin ya ƙare. Ba na so manyan baƙi su zauna suna kallon shirmen da ya sa aka yi wa gidanmu dariya. Na fake da addini na binne abin da ke ba ni kunya, kuma Allah Ya san wanne ne a zuciyata. Matarsa tana cikin ɗaki cikin mata, ba ta gani ba. Da ta tambaya bayan ta fita takaba, na ce akwatin yana wurina. Waɗanda suka gani kuwa ba su ɗauki abin a bakin komai ba, balle su tuna.

Nakan zauna a shago in ce, da Yaya zai ɗago kai yau, me zai gani? Zai ga bishiyoyin da ya bi ya ƙirga a Lajawa yawancinsu sun zama gawayi a buhu a bakin titi. Zai nemi matan da ya yi hira da su ya tarar an yi musu addu'ar arba'in tuntuni, jikokinsu ko riƙe mazari ba su iya ba. Masaƙun da aka rantse za a tayar suna nan yadda suke, sai dai fostocin da ake sauyawa. Na san ba zai yi ihu ba, ba halinsa ba ne. Zai cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce to yanzu daga ina za a fara. Wannan sanyin nasa shi ya fi ba ni haushi yana raye, shi ne kuma na fi kewa yanzu.

Amma akwai abin da zai sa shi murmushi, kuma Rukayya ce ta kawo mini shi. Ta zauna a bencin shagona tana nuna mini a wayarta. Ta ce maganar akuya ba ta yi nisa ba, yanzu an fi amfani da yis irin na burodi da ƙwayoyin bakteriya a manyan tankuna, wasu kuma tsutsar siliki suke yi wa dashen don ta saƙa zaren da kanta. Ta ce kamfanoni sun yi ta alkawarin cika duniya da shi, wasu sun durƙushe, waɗanda suka rage kuma har yanzu suna fama da tsada da wahalar kaɗi. Abin da suke iya sayarwa kaɗan ne: riguna da takalma na masu hannu da shuni, da kayan shafe-shafe, ana kuma gwada shi a aikin asibiti. Wato dai masu sayen abu don sunansa suke nema. Abin da take faɗa, kalma bayan kalma, abin da mahaifinta ya faɗa ne a kan wannan bencin, ina auna yadi ina yi masa kunnen uwar shegu.

Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Malamin da zai duba aikinta ya ce idan da gaske akwai bayanan shekaru a kan tsamiya da gizo-gizon yankin nan, da sunayen gonaki da hanyoyin dahuwa daga bakin matan da suka mutu, to ta riga ta sami ginshiƙin bincikenta, domin ba wanda zai iya sake tattara su yanzu. Ta ce ta gaya masa suna wurin baffanta a adane. Yadda ta faɗi kalmar adane ɗin, da alfahari, shi ya hana ni cin abinci ranar.

Na yi mako biyu ina kewaye-kewaye. Na ce mukullin ya ɓata. Na ce sai an gama kaka. Har na yi tunanin in ce gara ta cinye, don gara ba ta da bakin musu. Daga ƙarshe na shirya na tafi gidan Yaya bayan la'asar, na ce a kira mini ita da mahaifiyarta. Muka gaisa, aka tambayi gida da kasuwa da gajiya, na ga idan na bari gaisuwar ta ƙara tsawo zan tashi ban faɗa ba. Na faɗa musu duka, har da dalilin da na ɓoye wa kaina. Mahaifiyarta ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati a hankali. Rukayya ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni.

"Baffa, kafin ka ƙona, ka karanta su?"

Na ce ban karanta ba.

"Ko shafi ɗaya?"

"Ko shafi ɗaya, Rukayya."

Ta gyaɗa kai ta ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ta tashi ta shiga ɗaki. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi shekaru ina dukan 'ya'yan mutane don su yi karatu, amma aikin ɗan'uwana na shekara kusan goma ya bi ta hannuna zuwa wuta ban buɗe shi ba.

To me ya rage na Yaya Isyaku? Ba littafi, ba zare, ba ko firam ɗaya. Sunan da aka yi masa na tsokana ma ya fara gushewa, domin masu kiransa suna ta tafiya. Ban zo nan in ce da an saurare shi da Wudil ta zama wani abu ba, ban sani ba, wataƙila da bishiyoyin sun tafi duk da haka. Abin da na sani shi ne mutumin yana da hankalinsa, ya hango abu tun da nisa, mu da muke kusa da shi muka mayar da shi abin dariya, ni kuma na ƙarasa aikin. Duk wanda ya taɓa yin dariyar nan tare da ni, ina so ya karanta wannan ya san ba mu muka fi shi wayo ba.

Abin da ya rage shi ne yarinyar nan, da taurin kan da ta gado. Ba ta fasa ba. Ta sayi sabon littafi, ta fara bin lambunan bakin kogi, ta kuma gano wata tsohuwa guda a bayan Lajawa da har yanzu take tuna yadda ake dahuwar tsamiya, ko da yake hannunta ya daina kaɗi. Abin da za ta samu ba zai kai rubu'in na mahaifinta ba, ita ma ta sani. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa abin da muka ƙi gani ya tarar da shi a mizani.

Rukayya tana zuwa gaishe ni kowace Juma'a kamar da. Takan durƙusa ta ce Baffa ina wuni, ta tambayi jikina, ta taya matata aiki a tsakar gida. Ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai na lura da abu ɗaya. Jakar da littafinta ke ciki ba ta taɓa ajiye ta a gidana, ko alwala za ta yi, a kafaɗarta take.